Barewa Ba Ta da Wurin Gwaggo

"Ba zan ba shi ba!"

Ƙwaryar da ke hannun Ramlatu ta suɓuce, gero ya watse a tsakar gida, kaji suka yi caa a kansa. Ko kallonsu ba ta yi ba. Muryar babanta ce ta fito daga zaure, Malam Tahiru baduku, mutumin da ko basilla ta soke shi ba ya ɗaga murya.

"Kin gama magana, Yaya. Ba zan ba Sha'ibu 'yata ba."

Sai ga Gwaggo Kulu ta shigo tana ɗingishi, jar ƙasa tun daga ɗankwali har gira. Ita ce yayar Malam Tahiru, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, don haka in ta yi magana a gidan nan ba mai ɗora wata a kai.

"Gwaggo... me ya same ki?"

"Me ya same ni? Buɗe ido ki dube ni, 'yar nan! Tun asuba na taso daga Dakusa da man shanu a ka, wai na zo ganin surukin da zai zo gaisuwa. Rana ta take, ƙafafuna sun kumbura. Na ji ƙugi a bayana, na ja gefe na ɗaga hannu. Sai wata 'yar jar aba ta zo fuuu, ta tule ni da ƙasa har cikin man shanuna! Su biyu a ciki, ɗaya ya naɗe fuska da rawani yana ta ƙyaƙyata dariya."

Nan take Ramlatu ta gane. A duk faɗin Damagaram jar mota guda ce, ta Sha'ibu.

"Allah dai ya yi wa yaron nan Alkasum albarka," in ji Gwaggo, "shi ya zo da kamiyonsa, babbar motar kayan nan, ya kwashe ni. Amma mutumin da ya wuce tsohuwa a daji? Sai dai bayan raina!"

Ku yaran yanzu ba za ku gane girman wannan laifi ba. A bazarar shekarar da Nijar ta karɓi 'yancin kanta, motocin garin nan da yatsu ake ƙirga su, kuma kowane sofer, wato direba, ya san ƙa'ida: ba a wuce tsoho a hanyar daji. In da wuri, ka ɗauke shi. In babu, ka tsaya, ka gaishe shi, ka ba shi ruwa, ka ba shi haƙuri. Wanda ya wuce kuwa, sunansa ya ɓaci har a gidan surukai.

Ita kuwa motar, labarinta daban ne. Wasu Nasara masu tseren ƙetare hamada ne suka bar ta a yashi da ta mutu, Sha'ibu mai gyaran mota ya sa raƙuma suka jawo masa ita har unguwar Zango. Ya yi shekaru yana lallaɓa ta kamar jinjiri. Ran da ta tashi, unguwa ta girgiza! Ja ce jawur, ba rufi, cikinta kusa da ƙasa, bayanta ya tafi siriri kamar an fere shi da wuƙa. Soferori suka laƙaba mata suna Barewa. Kujerunta biyu ne rak, kuma wajen neman jar fatar rufe su ne Sha'ibu ya zo zauren Malam Tahiru, ya ga Ramlatu ta kawo wa babanta fura, ya manta abin da ya kawo shi.

Washegari aka aike ta Zango kai fatu. Ƙafafunta suka bi da ita ta garajin Sha'ibu ba tare da sun yi shawara da ita ba.

Yana zaune a gindin bishiyar bedi, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya gan ta ya miƙe zumbur.

"Ramla... sanyin idona..."

"Kar ka kira ni haka yau!"

"Wallahi ban san Gwaggo ba ce."

"Da wata tsohuwar ce fa? Ita ba mutum ba ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wa ke zaune kusa da kai?"

"Alkasum ne. Jiya da safe ya zo ya ce in kai shi hanyar Dakusa ya ji ƙarfin Barewa. Muna dawowa na hango ta, na fara rage gudu, ya ce ina za ka sa ta, a kanka? Taka mu gani! Ni kuwa... na taka."

Ramlatu ta dafe ƙirji. Alkasum! Mai kamiyon da ke jigilar gyaɗa zuwa Kano, wanda ya yi ta zarya ƙofar gidansu har ta gaya masa zuciyarta tana wani wuri. Jiya ma da yamma sai da ya aiko wa Gwaggo da goro.

"To ka zo ka faɗa wa Baba haka!"

"In ce me, Ramla? Ƙafata ce a kan totur, ba tasa ba."

Hawaye suka cika mata ido. Haushinsa take ji, kuma wallahi a daidai lokacin ne ta fi son sa. Ta juya ta dubi motar, tana ta ƙyalli a rana kamar ba ita ta jawo komai ba.

"Mai Barewa, ka san abin da ke damun motar nan taka?"

"Me ke damun ta?"

"Ba ta da wurin kowa sai ni da kai. Ni kuwa ba ni kaɗai ba ce. Ina da Baba, ina da Inna, ina da Gwaggo. In ka ɗauke ni, su a ina za ka sa su?"

Ba ta jira amsa ba, ta ɗauki fatunta ta wuce tana share ido da bakin mayafi.

Kwanaki suka shuɗe, ba Sha'ibu ba labarinsa. Gwaggo na nan tana jinyar ƙafa, kullum sai ta sa wa Alkasum albarka. Sau biyu Ramlatu ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta sani, Gwaggo ta daka mata tsawa, wai kar a sake ambatar jar aba a gabanta. Abinci ya daina shiga cikinta. Ta yi kuka har Inna ta gaji da lallashi. Masu wucewa ta Zango suka ce an kewaye garajin da zana, ba a jin komai sai ƙarar zarto da guduma. Wasu suka ce sayar da motar zai yi ya bar gari.

Ran Alhamis Gwaggo ta ɗaure kayanta za ta koma Dakusa. Alkasum ya iso cikin shuɗiyar riga, ya tsai da kamiyo a bakin lungu, yana ta "Sannu Gwaggo, a hankali Gwaggo." Ramlatu tana riƙe da ƙunshin kayan a zaure, zuciyarta kamar an ɗora mata dutse.

Sai aka ji ƙugi.

Ta san wannan ƙugin ko a mafarki! Amma yau a hankali yake tahowa, kuma hayaniyar mutane na biye da shi. Ta leƙa.

Innalillahi! Barewa ce, amma ba Barewar da ta sani ba. Siririn bayan nan da ake tasowa daga Mirya don a kalla, an yanke shi ƙat. A wurinsa an kafa benci biyu na katako suna kallon juna, da ɗan tsani na hawa, da rumfar tamfol a sama. An ɗaga ƙafafunta daga ƙasa, an ɗaura mata salkar ruwa a gefe. Duk wani mai son mota a garin ya biyo ta a ƙafa, kowa na tofa albarkacin bakinsa.

"Ya kashe ta!" in ji Ɗan Azumi, abokin Sha'ibu, wanda ya fi kowa haukan motar nan, idonsa jawur. "Wallahi ya kashe ta! Barewa ta koma jaki!"

"Kai dai ba ka san mota ba," in ji Illa, tsohon sofer mai furfura. "Ka saurari injin, lafiyarsa lau. Da can ko kunyar gero ba ta iya hayewa, yanzu kuwa har Tanut za ta je ba ta kafe ba."

"Wa ke maganar Tanut? Kyau fa, Baba Illa? Kyau!"

"Gaban nan dai har yanzu na amarya ne."

"Bayan kuma na kaka!"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce nauyin bencin zai cinye rabin gudunta, wani ya ce ƙarya ne, sai ma ta fi zama daram a kwana. Wani ya rantse ko kyauta aka ba shi ba zai karɓa ba, alhali ko keke ba shi da shi.

Sha'ibu ya kashe mota, ya sauko, ya tuɓe takalma, ya zo gaban Gwaggo Kulu ya durƙusa a ƙasa. Ya rame, hannuwansa duk yanka.

"Gwaggo, ni ne na wuce ki a hanya. Ba ni da hujja. Ki yafe mini ko kar ki yafe, amma ki bar ni in mai da ke gida. Ga wurinki nan na yi."

Gwaggo ta dube shi, ta dubi motar, ta taɓe baki.

"Gwaggo, mu tafi," in ji Alkasum, "rana na yi."

Ramlatu ba ta san lokacin da ta fito daga zaure ba. Budurwa a gaban maza, a gaban babanta! Amma ta yi magana.

"Gwaggo, ki gafarce ni, tambaya guda... Ranar ba ranar kasuwa ba ce, kamiyo ba ya bin hanyar Dakusa. Wa ya gaya wa Alkasum kina can?"

Kafin kowa ya ce uffan, Ɗan Azumi ya yi caraf, shi da bakinsa ba ya riƙe magana.

"Ai shi ne a kujerar gefe! A gabana ya naɗa rawani suka fita!"

Gwaggo ta juya a hankali ta ƙare wa Alkasum kallo tun daga hula har takalmi.

"Yi dariya in ji."

"Gwaggo, ai... wasa ne..."

"Na ce yi dariya in ji, ɗan nema!"

Ina! Alkasum ya tattara shuɗiyar rigarsa ya nufi bakin lungu, soferori suka raka shi da ihu. Gwaggo ta komo kan Sha'ibu, wanda har yanzu yake durƙushe.

"Kai kuma, me ya hana ka faɗa?"

"Ni ke tuƙi, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta taka zuwa bayan motar, ta shafa wurin da zarto ya bi.

"An ce shekaru ka yi kana gyaran abin nan."

"Haka ne."

"Ka yanke ta saboda tsohuwa irina?"

"An gaya mini ba ta da wurin dangi." Ya saci kallon Ramlatu. "Na duba, na ga gaskiya ne."

Gwaggo ta kama tsani ta hau, ta zauna daɓas, motar ta yi ƙasa ta dawo. Ta ɗan motsa, ta yamutsa fuska.

"Tahiru!"

"Na'am, Yaya."

"Katakon nan zai cinye mini ƙugu kafin mu kai rabin hanya. Kai ba baduku ba ne? Kana tsaye kana kallo?"

Malam Tahiru ya shiga zaure, ya fito da jajayen fatu, waɗanda Ramlatu ta san ya daɗe yana ɓoyo don matasan ɗakin aurenta. Ya shimfiɗa ɗaya a kan bencin, ya auna da taƙi, sannan ya dubi Sha'ibu.

"Tashi, ɗana. In ka dawo daga Dakusa ka kawo ta in ɗinke. Ka taho da manyanka."

Ramlatu ta ruga cikin gida, ta faɗa jikin Inna tana kuka tana dariya.

"Alhamdulillahi... Inna, Alhamdulillahi! Allah na gode maka!"

Bayan kaka aka ɗaura aure, sabuwar tuta na kaɗawa a gari. Da yake ango ba ya ɗauko amaryarsa da kansa, Ɗan Azumi ne ya tuƙa, yana ta ƙunƙuni wai an mai da Barewa motar kasuwa. Ramlatu na gaba a lulluɓe. A baya kuwa Gwaggo ce da ƙannen Inna da 'yan rakiya, sun cika bencin maƙil suna ta guɗa.

Sun kusa Zango, ta ƙasan mayafi ta hango wani tsoho a gefen hanya, yana tafe da sanda da ƙyar. Ta buɗe baki, sai ta tuna amarya ba ta magana. Ashe ba ta bukata. Ɗan Azumi ya riga ya taka burki.

"Baba, ina zuwa?"

"Zango, ɗana. Amma ai kun cika."

"Wa ya ce mun cika?" in ji Gwaggo daga baya. "Ku matsa! Hau, Malam, motar surukina ce, ba ta wuce kowa."

Hawaye masu ɗumi suka zubo wa Ramlatu, ta bar su suka yi ta zuba.

Da jama'a suka watse, Sha'ibu ya shigo ya zauna a bakin tabarma, ya ɗaga mayafinta a hankali.

"Sanyin idona... yau an yarda in faɗa?"

Ta gyaɗa kai tana murmushi.

"Ba ka kewar ta? Yadda take da can?"

"Wani lokaci," ya ce. "In na tuna bayan nan nata, sai in ji wani abu a nan." Ya dafa ƙirji. "Amma da can ni kaɗai take kaiwa gida. Yau ta kawo mini ke, da duk naki."

"Na gode, Mai Barewa."

"Ni ke da godiya, Ramla."

Daga tsakar gida sai suka ji muryar Gwaggo, tana ɗaure kayanta tun yanzu.

"Sha'ibu! Gobe da sassafe za ka mai da ni Dakusa. Kuma in mun fita gari ka taka ta sosai, ban son tafiyar hawainiyar nan ta Ɗan Azumi!"