Satar Jini a Cibiyar Binciken Magunguna

Sufeto ya sha kama ɓarayin motoci da masu fasa shaguna, amma bai taɓa jin an saci jini ba sai ranar da aka kira shi cibiyar binciken magunguna.

Dakta, shugabar cibiyar, ita ta tare shi a ƙofa. Mace ce siririya mai furfura. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta kai shi ɗakin sanyi ta buɗe wani ƙaton firiza.

"Nan akwatin jinin yake jiya da rana," in ji ta. "Yau babu."

Ta yi masa bayani. Shekara da shekaru suna haɗa maganin sikila daga ɓawon wata bishiya. Sun gwada a kan ɓeraye, yanzu suna gwadawa a kan mutanen da suka amince. Galibi sun samu sauƙi, amma wasu kaɗan ƙodarsu ta fara ciwo. Jinin waɗannan ne za a kai wa hukumar kula da magunguna, shi ne kuma aka sace.

"In hukuma ta ga jinin fa?"

"Tana iya dakatar da gwajin."

"Kuma ke da kanki za ki kai?"

"In ban kai ba, wa zai kai?"

Sufeto ya dube ta da kyau, sannan ya duƙa ya duba ƙofar. Ba a fasa ba. Mutum uku ke da makulli: Dakta, mataimakinta, da mai kula da ɗakin.

Mai kula da ɗakin sai gumi yake yi duk da sanyin wurin.

"Yallaɓai, ni dai na kulle na tafi. Ga ma safar hannun nan a durowata, yadda na bar ta."

"Me ya kawo zancen safa?"

"Ai sanyin firizan nan wuta ne. Ka taɓa ƙarfen ciki da hannu tsirara, sai ya sale maka fata."

Sufeto ya wuce ofishin Mataimaki. Mutum ne mai fara'a, har da tashi ya jawo kujera. Hannunsa na dama naɗe da bandeji.

"Sannu, me ya samu hannun?"

"Butar shayin ofis ce ta ƙone ni jiya. Ni rabona da ɗakin sanyi tun makon jiya."

Sufeto ya yi masa Allah Ya sawwaƙe ya fito. A teburin sakatariya ya tsaya yana shafa maƙogwaro.

"Ƙanwata, ko za a samu ruwan shayi?"

Ta yi dariya. "Wane shayi, Yallaɓai? Butar lantarkin nan ta mutu tun bara, har an yi mata addu'a."

Ya koma ofishin Mataimaki tare da Dakta da Sajan ɗinsa, ya rufe ƙofa.

"Malam, rana dubu ta ɓarawo. Kwance bandejin nan Dakta ta gani."

Mataimaki ya ƙi motsi. Can ya kwance a hankali. Yatsun sun yi fari fat, sun ɗuri ruwa.

"Ƙunar sanyi ce," in ji Dakta, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ƙuruciyata kaf na zuba a maganin nan," in ji Mataimaki. "Yara na mutuwa kullum. Saboda mutum kaɗan sai a tsayar da komai? Jinin yana firizan gidana. Na kasa zubarwa."

"Mutum kaɗan ɗin nan yarda suka ba mu," in ji Dakta. "Gara maganin ya makara da ya fito yana kashe ƙoda."

Sufeto ya ciro ankwa. "'Yata tana da sikila. Na fi ka ƙosawa. Amma ba zan ba ta abin da aka ɓoye aibinsa ba."

Sajan ya tasa ƙeyar Mataimaki zuwa mota. Dakta tuni ta ɗaga waya tana neman hukumar. Sufeto, wanda bai saba sara wa farar hula ba, ya ƙame a bakin ƙofa ya sara mata.