Ciyaman da Ma'aikacin Cikin Tulu

"To alƙawari za mu ci, Ciyaman? Alƙawari ake zuba wa yara a kwano?"

Direban babbar mota ne ke nuna shi da yatsa a ƙofar masaƙa. Ni kuwa ina gefe da tukwanena, kunne a buɗe, don tun da aka shiga yajin aiki ba mai sayen abincina, sai gulma ta zame mini ciniki.

"Ku ƙara haƙuri, ana tattaunawa," in ji Ciyaman, shugaban ƙungiyar ma'aikatan.

"Tattaunawar me? Ku shiga ofis ku sha shayi, ku fito kuna goge baki!"

Ba wani abu suka nema ba fa: ƙarin albashi, kuɗin asibiti, da abin rufe hanci saboda ƙurar auduga. Amma ni na san Ciyaman tun yana yawo ba wando. In ya shiga ɗakin taro ba maganar yake ji ba, agogon manaja yake kallo.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji, bayan kansa ya fara kwancewa. Wurin wani boka ya je, bayan tsohon ramin da ake haƙar yashi. Ɗaki ba taga, da rana tsaka duhu ne. Ƙahonni rataye a bango, ƙasa ta yi danƙo da tsohon jini, ga ƙudaje cike amma ba ka jin kukansu. A kusurwa akwai baƙin tulu, an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle, ƙyallen yana ɗagawa yana sauka kamar ƙirjin mai barci.

"Na cikin tulun nan ma'aikaci ne," in ji boka. "Zai jawo maka dukiya. Albashinsa baƙin bijimin sa duk ƙarshen wata."

Wai ku ji fa! Sai mutumin naku ya gyara zama kamar yana teburin sulhu.

"Sa ya yi yawa, ranka ya daɗe. A duba halin da ake ciki. Zakara."

"Ba a taya shi."

"Komai ana tayawa, aikina ke nan. Zakara yanzu, sauran in abubuwa sun daidaita."

Boka ya dube shi. "Shi ba ya yajin aiki, Ciyaman. In an rage masa, da kansa yake cikawa."

"Na ji," ya ce, ya ɗauki tulu yana murna wai ya ci ciniki. Daga ina yake cikawa? Ko tambaya bai yi ba, sakarai!

Ba a jima ba manaja ya kira shi shi kaɗai. Ya fito ya ce a koma aiki, ƙarin albashi "za a duba." Mutane suka koma suna tari cikin ƙurarsu, shi kuwa aka ba shi kwangilar kawo auduga. Sai ga bene, sai ga motoci. Matarsa da muke ɗiban ruwa tare ta koma gaishe ni ta bayan gilashi.

Wata ya ƙare, ya yanka zakararsa. Ƙanensa na cikin cin abinci ya kife a kan kwano, ba rai. Wani watan, babban ɗansa ana tsakiyar ƙwallo ya zauna ƙasa, bai ƙara tashi ba. Tsohuwarsa kuma ta fara tsayawa a tsakar gida tana kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ba ta taɓa gani ba, tana ihu a biya su haƙƙinsu.

Ya koma wa boka a guje, yana jan shanu. Boka ko tashi bai yi ba.

"Na cikin tulu ya ɗanɗana abin da ya fi jinin sa. Kai da ka san aiki, ka taɓa ganin ma'aikacin da ya yarda a rage masa albashi?"

Ku masu haɗiyar yawu in kun ga motar wani, ku ji ni da kyau. Wanda ya sayar da gumin mutanen da suka ɗora shi a gaba, a cikin gidansa za a karɓa, kuma ba a ba shi zaɓi.

Ranar da na je musu gaisuwa, gaskiya har da son ganin ƙwaƙwaf, wata saura kiris ya ƙare. Na tarar da shi durƙushe gaban tulun, ba takalmi, gemu ya cukuikuye.

"A kafa kwamiti," yake ce wa tulun. "A ba mu lokaci, ana tattaunawa."

Matarsa ta fito da jaka, ta riƙe hannun autarsu, ita kaɗai ta rage musu.

"Ina za ki da ita? Ki bari mana, mun kusa cim ma matsaya."

"Haka ka ce kafin na binne ɗana!"

"Za a duba..."

"Ka duba kai kaɗai! Inna, matsa mini."

Na matsa. Ta finciki yarinyar ta fita, ta buga ƙofa da ƙarfin da sai da gilashin taga ya tsage.