Ruwan Wankin Latas

Ranar da Auta ta fara shiga rumfar wanke kayan lambu, Dogo, ɗan mai rumfar, yana bakin kwatami yana ɗauraye latas. Daga ɗakin gwaji aka turo ta ɗibar ruwan. Yana ɗagowa ya gan ta, ya manta famfo a buɗe har ruwa ya cika masa takalmi.

"Malama, me kike nema a ruwanmu?"

"Bakteriyar da ke sa mutane amai da gudawa. Muna kiwon wasu ƙwayoyi, faj ake ce musu. Ba ruwansu da mutum, bakteriyar kawai suke kashewa idan an fesa su a ganye."

"Ashe makiyayiya ce ke! To ina garken?"

Ta ɗaga masa 'yar kwalba. Suka yi dariya tare.

Daga nan saƙo ya fara zirga-zirga.

"Makiyayiyata, yau na wanke kwando ɗaya sau uku saboda tunaninki."

"Allah ya ƙara, Dogona. Ko banza ya fita tas."

Har an fara maganar turo manya, sai gwaji ya nuna bakteriya a ruwan rumfar. Auta ta kasa faɗa masa. Ta sake gwajin tana addu'ar a ce kuskurenta ne, amma kafin ta gama, shugabarta ta sanar da hukuma. Aka rufe rumfar, latas ya yi ta ruɓewa a kwanduna.

Mahaifin Dogo ya ce ko sunanta kada a sake kira masa. "Ta shigo da murmushi ta rufe mana hanyar abinci. Kuma wai cuta za ta fesa wa ganyena ta kira shi magani!"

Saƙon Dogo ya same ta a wurin aiki: "Kin sani kika ɓoye mini. Ashe ruwan kika zo ɗiba, ni hanya ce kawai. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta kira har ta gaji, bai ɗaga ba. Ta rame, abinci sai Umma ta tsaya a kanta. A ɗakin gwaji takan cire safar hannu ta shiga banɗaki ta yi kuka, ta wanke fuska ta dawo. Wani abokin aikinta mai natsuwa ya fito yana sonta.

"Auta, ki duba yaron nan," in ji Umma.

"Umma, ba shi da laifi. Zuciyar ce ba ta nan."

Ana haka ta ji an kwantar da 'yar yayar Dogo a asibiti. Ta yi ta shawara da kanta, ta dai tafi. Yarinyar na kwance ana ƙara mata ruwa, idanunta sun faɗa. Mahaifin Dogo na zaune a bakin gado. Auta ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yata, ni na kwaso latas ɗin na kawo gida. Na ce lafiyarsa ƙalau, sharri ne aka yi mana." Ya ɗago ya dube ta. "Abin nan naku zai yi aiki?"

"Zai rage sosai, Baba. Amma sai an fara gyara rijiyar da ke ba rumfar ruwa."

A baranda Dogo ya tare ta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ki yafe mini."

"Ko tambayata ba ka yi ba, Dogo. Ka yanke hukunci ka kashe waya."

"Na sani."

"Ni ma na yi shiru inda bai kamata ba. Tsoron rasa ka nake yi, kuma na rasa ka ɗin."

Ta wuce shi tana share hawaye. Sai da aka sallami yarinyar, aka gyara rijiya, aka yi feshi gwaji ya fito lafiya, sannan ta amsa saƙonsa da ya daɗe yana jira: "Ka turo."

Ranar ɗaurin aure tsohon ya riƙo hannun jikarsa ya kawo ta gaban amarya.

"Gaishe da Antinki." Ya juyo ga Auta, idonsa ya cika. "Na ɓata miki rai, 'yata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Dogo ya ce amin da ƙarfi har mutane suka waiwayo. Auta ta yi dariya cikin mayafi, hawaye na zubo mata.