Sunan da Ba a Kamawa a Dajin Sundarban

Da hantsi aka kawo gawar Haripada bakin gaɓa, cikin kwalekwalen da ya fita ɗiban zuma. Abokin tafiyarsa Nitai ne ya tuƙo, yana kuka yana cewa Kawu ne ya auka masa ta baya. Haka ake kiran damisa a tsibiran nan. Ba mai kama sunanta a daji, domin an yarda tana amsa kira.

Insfekta Prabir Gayen ɗan tsibiran ne, ya san abin da zai biyo baya. Tun kafin ya yaye zanen da aka rufe gawar, mata sun fara ja da baya daga Malati, matar mamacin. Wadda damisa ta kashe wa miji ita ke shan laifi. Sai a ce farar ƙafa gare ta, a daina cin abincinta, dangin miji su kore ta. Abin ya daɗe yana yi wa insfekta ciwo.

Likita ya ce rauni ɗaya ne a ƙeya, babu shatin haƙori ko ɗaya. Nitai ya ce ai farce ne, shi ya kori Kawu da sandar tuƙi kafin ya kai baki.

Washegari insfekta ya sa shi gaba, tare da wani kofur, suka shiga dajin. Barewa na kiwo hankali kwance, birai na jefo musu ganye, kada ya miƙe a taɓo yana shan rana. Ga sawun kaguwa, ga na aladen daji, amma na Kawu babu. Nitai ya ce ruwa ne ya hau ya shafe.

A gindin wata bishiya insfekta ya tsinci tarkon waya, da gashin barewa a jiki.

"Na wane ne wannan?"

"Ban sani ba, yallaɓai."

"To, me ya kashe Haripada?"

"Haba yallaɓai, sau nawa zan faɗa? Damisa ce, damisa!"

Kofur ya yi tsalle ya waiwaya, ya ɗaga bindiga. Shi kansa insfekta sai da ya dubi bayansa. Nitai kuwa ko gezau.

"A nan ka ce Kawu ya kashe mutum jiya," in ji insfekta a hankali. "Ka kira sunansa sau biyu, ko waiwaye ba ka yi ba. Ka san ba ya nan."

Nitai ya durƙusa cikin taɓo. Ya ce Haripada ne ya kama shi yana ɗana wa barewa tarko, ya rantse sai ya gaya wa masu gadin daji. Da Haripada ya juya baya, sai ya sare shi da adda.

Insfekta bai wuce da shi ofis kai tsaye ba. Ya bi da shi ta tsakiyar ƙauye da ankwa a hannu, ya tsaya a ƙofar gidan mamacin, ya ce mutum ne ya kashe Haripada, ba dabba ba.

Malati ta ɗago kai, idanunta a kumbure.

"Yallaɓai, don Allah ka sake faɗa da ƙarfi. Na baya ba su ji ba."

Ya sake faɗa, sannan ya tasa ƙeyar Nitai zuwa jirgin ruwa.