'Yar Tsanar da Aka Shafe wa Suna

A ranar farko ta taron masu tara 'yan tsana na garin León ne Efraín Balderas ya fara ganin Nayeli Orduña. Tana tsugune a ƙasa, tana cusa ninkakkiyar takarda ƙarƙashin ƙafar teburinta don ya daina rawa.

Teburin nata shi ne na ƙarshe a zauren otal ɗin, daf da ƙofar banɗaki. Mu da muka daɗe muna zuwa taron mun san ma'anar wannan lungu. Nan ake jefa wanda aka karɓa amma ba a so a gan shi.

Daga garin Celaya ta taso da sassafe a motar haya, da kwali biyu a kan cinya. 'Yan tsana goma sha huɗu ta jera, dukkansu na takarda da ƙullin fulawa, masu jan kumatu da rigunan fenti, hannuwa da ƙafafu a ɗaure da zare. Wasu ma sun girmi mahaifinta.

Shi kuwa Efraín ɗan shugabar ƙungiyarmu ne, Doña Altagracia, wadda 'yan tsananta na tangaran daga Faransa da Jamus suke zaune cikin akwatin gilashi a tsakiyar zaure. Shi ke yi mana gyara idan idon 'yar tsana ya faɗa ciki ko gashi ya zube, shi ya sa muke kiransa Likita.

Ya tsaya a kanta ya ce teburin nan canji yake so, zai nemo mata wani wurin. Ta ɗago ta dube shi ta ce ta gode, amma an riga an nuna mata matsayinta, kuma ba roƙo ya kawo ta León ba. Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Bai tafi ba. Idonsa ya tsaya kan wata ƙarama da ke tsakiya, wadda hannunta na hagu ke lilo saboda kafaɗar ta lalace. A ƙirjinta an rubuta "Nayeli" da baƙin fenti, rubutun a ɗan karkace.

"Wannan fa, nawa?"

"Ba ta sayarwa ba ce. Babu ta sayarwa a cikinsu. Kawo su na yi su ga 'yan uwansu."

Sai a rana ta biyu, bayan ya kawo mata kunun masara da zafinsa, ta faɗa masa cewa mahaifiyarta ce ta yi mata ita a shekarar da ta rasu. Nayeli na da shekara takwas lokacin, ciwo kuma ya riga ya sa hannun uwar yana rawa. Sunan nan kaɗai ne rubutun hannunta da ya rage a gidan.

Ranar rufe taro ya karɓi lambarta. Kafin ta sauka daga mota saƙonsa ya shigo.

"Guntuwa, kin isa lafiya? Ki gaishe min da marasa lafiyata goma sha huɗu."

"Wa ya ce maka ba su da lafiya? Kuma ni ba guntuwa ba ce, kai ne ka yi tsawo kamar falwaya."

"To falwaya tana neman izinin zuwa Celaya ranar Lahadi."

"Ka zo. Amma ka shirya wa Baba."

Don Eusebio, mahaifinta, sana'arsa ke nan tun yana yaro, yin 'yan tsanan takarda. A tsakar gida ya tarbi baƙon, ƙulli har gwiwar hannu. Da ya ji sunan Balderas sai ya tambaya ko shi ne ɗan Altagracia. Efraín ya ce shi ne.

Tsohon ya ci gaba da aikinsa, yana ba da labari kamar da bango yake magana. Shekara ashirin da suka wuce shi da marigayiya matarsa sun je wannan taro da kwalinsu. Altagracia ce ta tare su a ƙofa, ta ce nan wurin masu tara kayan tarihi ne, masu tallan kayan wasan yara su nemi bakin titi. Matarsa ta yi kuka tun daga León har gida.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji shi. "Ka sha ruwa ka koma."

Efraín ya sha ruwa ya koma. Lahadi ta gaba ya dawo, da ta bayanta. A hankali ya fara dama ƙulli, ya fara shanya kawunan 'yan tsana a rana, tsohon bai ce masa sannu ba, bai kuma kore shi ba. Da yamma Nayeli takan raka shi tasha, su sayi alewar madarar akuya su raba a hanya.

"Likita," ta ce masa wata rana, "me ka gani a wurina? Ga 'yan matan León masu ƙamshi."

"Ke kaɗai ce kika taɓa ce min ba ta sayarwa ba ce."

"Wannan ai ba dalilin so ba ne."

"To ki ba ni shekara hamsin in nemo wani."

A León kuwa labari ya isa kunnen Doña Altagracia. Ita ta daɗe da zaɓa masa mata, Paulina, 'yar aminiyarta, mai shagon tsofaffin kaya, wadda take sake wa 'yan tsana fenti tana shiga gasa da su. Ta ce wa ɗanta ya yi wasansa ya gama, amma ba zai kawo mata mai warin ƙulli cikin gida ba. Ya ce shi ba wasa yake ba. Ta yi murmushi ta ci gaba da taje gashin wata 'yar Faransa.

Saura wata biyu a yi taro na gaba, Nayeli ta naɗe ƙaramar 'yar tsanar a gyale ta miƙa masa don ya gyara mata kafaɗa. Ta ce tun da aka yi ta ba ta taɓa kwana a hannun wani ba. Ya ce zai kula da ita kamar idonsa.

Ɗakin aikinsa a bayan gidan mahaifiyarsa yake. A makon aka kira shi wani aiki a Guadalajara, ya yi kwana uku. Da ya dawo ya tarar da gyalen a kan tebur, babu komai a ciki. Mahaifiyarsa ta ce wa ya sani, ƙila an haɗa da shara.

Ya birkice ɗakin, ya bi motar shara har inda take juyewa, bai samu ba. A nan ne kuma ya yi nasa laifin, wanda ba zan ɗora wa kowa ba. Saƙon Nayeli ya shigo.

"Likitana, yaya mara lafiyata?"

Ya rubuta mata amsa.

"Tana samun sauƙi, Guntuwa. Ki ƙara min lokaci."

Haka ya dinga ja mata rai har ranar taro, yana sa ran abin zai ɓullo.

Ya kuwa ɓullo. Nayeli ta jera sha ukunta, ta tashi zaga zaure kamar yadda kowa ke yi. A teburin Paulina ta tsaya. Ga wata ƙarama an shafe ta da fenti ruwan hoda mai ƙyalli, an zana mata furanni a ƙirji, an ɗora ta kan ɗan dandamali da lambar gasa. Da jan zaren ƙafa ta gane ta, zaren da ita da kanta ta ɗaura tun tana 'yar makaranta.

Paulina ta ce daga gidan su Efraín aka ba ta kyauta. Ta ce duk ta yi dauɗa, har da wani jagwalgwalon rubutu a gaba, ita ce ta fito da ita.

Ina tebur na uku daga wurin. Nayeli ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki abarta ta rungume, Paulina na cewa ai an shigar da ita gasa, ta juya ta tafi. Efraín ya cim mata a bakin ƙofa, yana rantsuwa ba shi ya bayar ba.

"Tun yaushe ka san ba ta wurinka?"

"Sati bakwai."

"Kuma ka ce min tana samun sauƙi."

Ta haɗa kwalayenta ta tafi tasha ita kaɗai.

Da ya tambaye ta, Doña Altagracia ba ta musa cewa ita ce ta bayar ba. Ta ce takarda ce fa, kuma alheri aka yi wa yarinyar. Ranar rabon kyaututtuka, da rana tsaka, Efraín ya karɓi abin magana ya faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe, har da ƙaryar da ya yi. Ya ce daga yau ya fita daga ƙungiyar.

Babu wanda ya tafa, babu wanda ya tashi. Aka ba Paulina lambar yabo a wani rukunin, uwarsa ta ci gaba da shugabanci. Mu kuma, saboda gudun ɓacin ranta, muka daina kai masa gyara. Har da ni.

Ya bar gidan, ya kama ɗaki a Celaya kusa da kasuwa. Wata huɗu yana tura saƙo ba amsa.

"Nayeli, ba neman yafiya nake ba yau. Ina so ki sani ina garin, kuma zan ci gaba da zama."

Wanda ya zo ba ita ba ce. Don Eusebio ne ya ƙwanƙwasa masa ƙofa wata safiya, ya ajiye 'yar tsanar a gabansa. Ya ce yarinyar ta daina cin abincin kirki, shi kuma hannunsa ya yi nauyi ga irin wannan aiki. Ya ce Efraín ya cire fentin, in zai iya.

Kwana tara Efraín ya yi da auduga da tsinin reza, yana bi kaɗan-kaɗan. Sabon fentin ya riga ya kama tsohon ya cinye shi. Duk inda ya ɗaga, rubutun na biyo shi. Daga sunan gaba ɗaya, ɗan wutsiyar harafin ƙarshe kawai ya tsira.

Tsohon ya duba aikin. Sannan ya ce akwai tsohon hoton 'yar tsanar a waya, kuma hannun Efraín ya iya kwaikwayo. Ya ce ya sake rubuta sunan yadda yake, su biyu kaɗai za su sani. Efraín ya ce ya yi haƙuri, ba zai iya ba.

Da kansa ya kai mata. Ya same ta a tsakar gida tana yankan takarda, ta rame har wuyanta ya fito.

"Bai dawo ba," ya ce. "Na yi iya yina, rubutun ya tafi. Wannan ɗan layin ne kawai na Mama."

Ta karɓa ta duba. Ta sa babban yatsa a kan ɗan layin, sai kukan da ta riƙe tun daga León ya ƙwace mata. Ya tsaya bai taɓa ta ba, har ta gaji don kanta.

"Baba ya faɗa min abin da ya ce ka yi," ta ce tana share fuska. "Da ka rubuta, da na gane. Da kuma ka gama ganina."

"Na sani."

"Ban yafe maka ba tukuna, Likita."

"Zan jira."

"To ka jira a kusa. Na gaji da jin haushinka daga nesa."

Bayan wata shida aka sa rana. Nayeli ce ta dage sai ta kai wa Doña Altagracia katin gayyata da hannunta, don kada gobe a ce ba ta yi ladabi ba. Ta sa rigarta mafi kyau ta hau mota zuwa León. Aka bar ta tsaye a bakin get kusan awa ɗaya, sannan mai aiki ta fito ta karɓi katin ta ce uwar gida tana hutawa.

Da safiyar ɗaurin aure saƙo ya shigo wa Efraín daga mahaifiyarsa.

"Kai ka zaɓa. Kada ka neme ni."

Yana zaune a bakin gado da kwat ɗinsa, wayar a hannu, Don Eusebio ya shigo ɗaukarsa. A wurinmu kowa ya san uwa ce ke sa wa ango albarka a bakin ƙofa kafin ya tafi coci. Tsohon ya karanta saƙon, ya mayar masa da wayar, ya ce ya durƙusa.

"Ni ba uwarka ba ce, kuma har yau ban gama jin haushin gidanku ba," in ji shi. "Amma ba za ka shiga coci da goshi babu albarka ba."

Ya yi masa alamar gicciye da yatsansa mai kaushi. Ya ce Allah ya yi masa albarka, ya sa ya riƙe masa 'ya da gaskiya ko da gaskiyar za ta sa ta kuka.

Mutum arba'in ne a cocin, kusan duka dangin amarya da maƙwabta. Daga ƙungiyarmu mai mutum ɗari biyu, mu uku muka je, muka zauna a baya kamar masu laifi. Layin gaba na ɓangaren ango babu kowa, kuma na ga Efraín ya waiwaya ƙofa sau biyu kafin limamin cocin ya fara.

Da ya waiwaya na uku, Nayeli ta kama hannunsa ta cikin mayafinta ta matse.

"Dube ni nan," ta ce a hankali. "Ni na zo."

Ya dube ta, bai sake juyawa ba har aka ɗaura. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kuma yafe mana, mu da muka gani muka yi shiru.