Ƙullutun Kubra

Kubra na tankaɗe a tsakar gidansu a Gada Biyu, ta ce wa mijinta ba tare da ta ɗaga kai ba, "Yau a asibiti Sista Theodora ta duba mata duka, wai binciken ciwon daji. Ta ji ƙullutu a nonona na hagu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Likita ya ce a cire a gwada."

Haladu direban tasi ne mai cika baki, amma jin haka sai ya zauna a kan rariya.

"A cire? Da wuƙa? Maigida ya shiga uku!"

"Jikina ne fa za a yanka, ba naka ba."

Inna Balaraba, mahaifiyarsa, ta fito. Da yake shi ne ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, sai dai ta faɗa wa akuya.

"Ke Ja, gaya wa wancan, ranar da ya sa hannu aka yanka yarinyar nan, ya nemi wata uwar! Labaran wanzami na nan, sakiya ɗaya ta isa."

"Inna, ai likita..."

"Ja, da ke nake magana!"

Haladu ya rasa tudun dafawa: ga uwa, ga mata. Kubra ta yi kukanta a ɗaki, ta share hawaye. Ta lura surukarta ba mugunta ke damunta ba, tsoro ne, kuma mai tsoro ba a kayar da shi da gardama. Ta fito ta durƙusa ta ce, "Inna, a kira Labaran."

Labaran ya zo da safe, tsufa ya cinye masa ido. Ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja. Haladu na gani ya faɗi sumamme. Tsohon ya lalubo ƙafar Haladu, ƙarfe na rawa a hannunsa.

"Wannan ce marar lafiyar? Kai, gashin ƙafarta da yawa!"

Inna ta dubi hannun, ta dubi Kubra. Ta fizge ƙarfen ta tsoma a randa.

"Ja, a yayyafa wa ragon nan ruwa, ya tashi ya tayar da mota!"

A asibiti aka cire ƙullutun, aka aika da shi gwaji. Makonnin jira sun yi tsawo. Inna da kanta take dama wa Kubra kunu, tana zagin akuya don kada a ga hawayenta. Ran da Sista ta ce, "Madam, ba daji ba ne, amma ki riƙa zuwa ana dubawa," Inna ta rangaɗa guɗa har majinyata suka leƙo.

"Saura ke, Mama, shigo a duba ki," in ji Sista, tana naɗe hannun riga.

Inna ta waiga, babu akuya a asibiti. Dole ta shiga.

Haƙuri kan ci abin da gardama ta kasa, kuma ciwo tun yana ƙarami ake kai shi gaban mai gani.