Muryar da ke Bayan Gilashi

Ranar da ta fara shiga ɗakin gwaji na makarantarsu ta jinya, saura kaɗan ta zura da gudu. Ɗaki ne marar taga, ga sanyi kamar firji, ga wani ƙaton mutum-mutumin roba kwance a gado. A kansa ɗaliban jinya ke koyon juya majinyaci mai ƙiba. Ƙirjinsa na hawa yana sauka, idanunsa na ƙiftawa.

Tana kai hannu ya ce, "Ba ko sallama?"

Ihu ta kurma. Sai ga wani dogon saurayi ya fito daga bayan baƙin gilashin bango yana ba ta haƙuri. Ashe shi ne ma'aikacin da ke ba robar numfashi da murya.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Sarauniyar ihu, ki yafe ni. Gobe ki nemi izininsa kafin ki taɓa shi, haka ake yi wa mai rai."

Ta mayar: "Mai Murya, na yafe rabi."

Kafin wata uku ta yafe sauran, har ta ɗora da zuciyarta.

Da maganar aure ta taso, Ummanta ce ta ce atafau. Mace ce mai jiki sosai. Shekara biyu rabonta da fita, tun ranar da aka yaye mata zani a gadon asibiti ana ƙus-ƙus ana dariya.

"Mai kwaikwayon nishin irina, ɗalibai na shewa? Ba a gidana ba!"

Yarinyar ta sha kuka, ta rubuta masa: "Ina sonka, amma ba zan tsallake Umma ba."

Sati biyu ko kallonta ba ya yi, har ta ɗauka ya haƙura da ita.

Ranar jarrabawa ita kaɗai ta shiga. Ɗakin tsit, sai hucin robar. Ta yi sallama, ta kama bargo za ta ɗaga.

"Kar ki buɗe ni."

Muryar mace ce, kuma ta san ta tun tana cikin zanin goyo.

"Ja labule tukuna," in ji bakin da ba ya motsi. "Ki daina kallon tumbina, ki kalli fuskata. Ina jin duk abin da kuke faɗa."

Ta ja labule. "Umma, kin yarda in juya ki?"

Ƙirjin robar ya tsaya cak. Can sai shesshekar kuka.

"Ba wanda ya taɓa tambayata. Juya ni, 'yar nan."

Tana gamawa ta ruga bayan gilashi. Ga Umma zaune gaban makirufo, ga Mai Murya a gefe, kai a ƙasa.

"Sau shida yana zuwa gida wurina in kin tafi makaranta," in ji Umma tana share ido. "Wai shi nishi kawai ya iya, ni na san ciwon. Naci gare shi, yaron nan. Na yarda, ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure Umma ta ƙi zaman ɗaki. A tsakiyar jama'a ta sa aka ajiye mata kujera, ta kama hannuwansu biyu ta haɗa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku. Ke kuma, jibi ki kai ni in ga likita."